Injin zarto: yadda ake sake haɗa shi, da abin da sassaƙar silinda ke ƙara masa

Duk shekara idan damina ta faɗi, iska kan kayar da manyan itatuwan dogon yaro a kan tituna da katangu a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. A lokacin ne aka fi jin kukan injin zarto, wanda ake kira tronçonneuse da Faransanci. Inji ne mai tsada, kuma mai shi da shi yake ciyar da gida. Idan ƙarfinsa ya ragu, shawara iri biyu yakan samu: a sake haɗa shi da sabbin kaya, ko kuma a yi masa irin aikin da wasu makanikan Amurka da Turai ke nunawa a intanet, wato a sassaƙe cikin silindarsa don ya fi yadda kamfani ya ƙera shi ƙarfi. Ayyukan biyu suna da tsari. Na farko wajibi ne, na biyu kuwa ciniki ne da ake biyan kuɗinsa da tsawon ran inji.

Inji marar bawul

Injin zarto ɗan gidan injuna masu bugu biyu ne, waɗanda makanikai ke kira deux temps, irin na ƙananan injunan wutar da ake zuba wa fetur gauraye da mai. Ba shi da bawul kamar injin mota. A maimakon haka, an huda ƙofofi a jikin bangon silinda, fiston ne kuma ke buɗe su yana rufe su yayin hawa da sauka. Faransawa na kiran waɗannan ƙofofi lumières.

Ƙofofin iri uku ne. Idan fiston ya hau sama, gindinsa kan buɗe ƙofar shiga, sai iska da fetur daga karburata su faɗa cikin akwatin da ke ƙasan silinda, wato karter. Buji ya ba da wuta, fiston ya tunkuɗo ƙasa, kansa ya fara buɗe ƙofar hayaƙi. Jim kaɗan bayan haka sai ya buɗe ƙofofin gefe, waɗanda ta cikinsu sabon cakuɗen da aka matse a karter ke hawowa sama, ya kori ragowar hayaƙi, ya cika silinda. An karkata bakin waɗannan ƙofofin gefe zuwa bangon da ke nesa da ƙofar hayaƙi don kada sabon fetur ya bi hayaƙi ya fice. Wani injiniya Bajamushe, Adolf Schnürle, shi ya fito da wannan dabara a shekarun 1920, kuma har yau a kanta ake.

Duk wannan yana faruwa a juyi ɗaya. Injin zarto na zamani kan kai juyi dubu 13 a minti idan aka matsa shi ba kaya, ke nan wuta na tashi a cikinsa fiye da sau 200 a daƙiƙa guda. Da irin wannan sauri, ƙarfin inji ya dogara ga yawan iskar da ya iya shaƙa da fitarwa a ɗan ƙanƙanin lokacin da ƙofofin ke buɗe. Wannan ne asalin sassaƙa: a gyara wa inji numfashinsa.

Inda sana'ar ta fito

Manyan kamfanonin injin zarto na Turai ne. Andreas Stihl ya kafa nasa a Jamus a 1926, Husqvarna ta ƙasar Suwidin kuma ta fara ƙera injin zarto a 1959. Amma sassaƙar silinda ta fi bunƙasa a dazuzzukan Amurka da Kanada, inda ake biyan masu saran itace gwargwadon abin da suka yanka, da kuma wuraren gasa. Gasar Stihl Timbersports, wadda aka fara a Amurka a 1985, tana da wani rukuni da ake amfani da zarto mai injin babur ko na motar kan ƙanƙara, ana yanka gungume sau uku cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Irin wannan inji na wasa ne, ƴan daƙiƙoƙi yake aiki a kashe shi. Abin da ya shafi mai neman abinci shi ne sassaƙa mai sauƙi, wadda ke barin inji ya wuni yana aiki.

Dalilin da ya sa ake samun abin ƙarawa shi ne kamfani da gangan yake barin rata. Silinda zubi ake yi dubbai, don haka bakin ƙofofi kan fito da kaushi da ɗan bambanci. Tun ƙarshen shekarun 1990 dokokin hayaƙi da na ƙara a Amurka da Turai suka tilasta matse salansa da rage fetur. Sannan kamfani ya san injinsa zai je hannun mai zuba gurɓataccen fetur, mai barin matatar iska ta toshe. Ratar da ya bari ita ce ke ceton inji a irin waɗannan hannuwa, kuma ita ce mai sassaƙa ke cinyewa.

A binciko abin da ya kashe shi

Kafin a kwance ko da sukuru ɗaya, makanike nagari kan yi awo biyu. Na farko awon matsi ne ta ramin buji. Lafiyayyen inji kan ba da kusan bar 10. Idan ya faɗi ƙasa da bar 8, zoben fiston, wato segment, ko fiston ko silinda sun gaji. Na biyu awon yoyon iska ne: a toshe ƙofar shiga da ta hayaƙi, a hura iskar da ta kai rabin bar a ciki, a ga ko allura za ta tsaya, sannan a zuƙe iskar a sake dubawa. Idan allura na sauka, iska na satar hanya ta robobin da ke toshe bakin vilebrequin, ƙarfen da fiston ke juyawa, ko ta wuyan robar da ke haɗa karburata da silinda. Iskar da ta shiga ta ɓarauniyar hanya kan rage kason fetur, inji ya yi zafi ya kama. Wanda ya sa sabon fiston bai toshe wannan yoyo ba, cikin ƴan kwanaki zai sake sayen wani.

Cire salansa kaɗai ya isa a leƙa a ga jikin fiston, kuma tabon da ke jikinsa na faɗin abin da ya faru. Zane-zane masu zurfi ta ɓangaren ƙofar hayaƙi alamar zafi ne da ƙarancin fetur. Idan ta ɓangaren ƙofar shiga ne ya goge ya dushe, ƙura ce ta wuce matata, abin da ya zama ruwan dare a nan lokacin hunturu. Idan ko'ina ya karce, an tayar da shi ne da fetur marar mai ko mai ƙarancin mai.

Silinda kanta alminiyam ce, an shafe cikinta da wani siririn rufi mai tauri, ko kuram ko Nikasil na kamfanin Mahle, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Saboda haka ba a faɗaɗa ta kamar silindar baƙin ƙarfe ta wasu babura. Sau da yawa abin da ake gani kamar karce narkakken alminiyam ɗin fiston ne da ya manne a bango, ana iya goge shi a hankali da takardar gogewa mai laushi. Amma idan farce na sarƙewa a zanen, ko rufin ya ɓare a saman ƙofar hayaƙi, sai dai a sayi wata.

Haɗawa

A sake haɗawa, ƙananan abubuwa ne ke raba aiki mai kyau da na banza. A girgiza vilebrequin sama da ƙasa, idan akwai wasa, rulma sun tafi, sai an raba karter biyu an sauya su tare da robobinsu. A sa sabon zobe shi kaɗai a cikin silinda a auna ratar bakinsa, wadda ga injuna masu wannan girma takan kama daga milimita 0,2 zuwa 0,4. Kibiyar da aka zana a kan fiston ta fuskanci ƙofar hayaƙi. Ƴan ƙananan makullan wayar da ke riƙe sandar fiston a sa sabbi, domin ɗaya in ya ɓalle yana iya lalata fiston da silinda a lokaci guda. A shafa wa komai man deux temps, a sauya tiyon fetur da matatarsa da fatun robar cikin karburata, a share ƙazantar da ta cushe tsakanin fikafikan silinda, tun da iska ce kaɗai ke sanyaya wannan inji. Bayan an gama, a maimaita awon yoyon iska.

Kasuwa cike take da fiston da silinda na kwaikwayo masu arha. Wasunsu na aiki, amma rufinsu da bakin ƙofofinsu sukan bambanta da na asali, don haka a auna su kafin a ɗaura. Sabon haɗi kuma yana son lallashi: littafin Stihl ya hana a matsa sabon inji har ƙarshe ba kaya a tankuna uku na farko.

Yawancin injunan da ake kukan sun mutu, a nan ƙarfinsu ke dawowa. Inji mai santimita kubik 72 kamar Stihl MS 382 kamfani ya ƙera shi da kilowat 3,9, tsohon 070 mai kubik 106 kuma, wanda ya yi suna a dazuzzukan Afirka, da kilowat 4,8. Idan suka koma kan wannan ƙarfi, ya ishi yawancin ayyukan da ake yi da su.

Matakan ƙara ƙarfi

Wanda ya nace sai ya wuce nan, matakai uku ne, daga mai sauƙi zuwa mai haɗari.

Na farko salansa. Ƙara faɗin mafitar hayaƙi ko huda ta biyu kan sa inji ya numfasa, har ma zafinsa ya ɗan ragu. Ana barin jimillar mafitar ƙasa da girman ƙofar hayaƙin silinda. A cire salansar kafin a huda ta, a wanke ɓarɓashin ƙarfe tas. Ragar da ke tare tartsatsi a bar ta a wurinta, domin a ƙasar da gobarar daji ke cinye makiyaya bayan kowace damina, tartsatsi ɗaya kan busasshiyar ciyawa ya isa. Ƙara za ta ƙaru sosai, toshe kunne ya zama dole.

Na biyu matsi. Idan fiston ya kai ƙarshen hawansa, akwai ƴar rata tsakanin gefen kansa da rufin silinda. Ana auna ta da wayar dalma: a zura ta ramin buji har ta taɓa bango, a juya inji da hannu fiston ya latse ta, a zaro a auna kaurinta, a yi haka ta ɓangarori huɗu. Daga kamfani ratar kan kai milimita 0,7 zuwa ɗaya. Masu aikin kan rage ta zuwa kusan rabin milimita, galibi ta hanyar cire juwan, siririyar takardar da ke tsakanin gindin silinda da karter, su maye gurbinta da manne mai jure fetur. Matsi kan ƙaru, ƙonewa ta fi tsabta. Idan aka yi ƙasa da rabin milimita, fiston na iya dukan rufi idan ƙarfe ya yi zafi ya buɗe. Saukar da silinda kuma na saukar da dukkan ƙofofi, lokacin buɗewarsu ya sauya, shi ya sa ake yin wannan kafin a taɓa su.

Na uku shi ne sassaƙar kanta. Kafin a kunna ɗan injin gurza, sai an ɗaura faifai mai digiri 360 a kan vilebrequin a rubuta lokacin da kowace ƙofa ke buɗewa. A yawancin injunan zarto ƙofar hayaƙi kan buɗe wajen digiri 100 zuwa 105 bayan fiston ya baro ƙololuwa, ƙofofin gefe wajen 118 zuwa 125, ƙofar shiga kuma wajen digiri 70 zuwa 80 kafin ya kai ƙololuwa. Tazarar da ke tsakanin buɗewar ƙofar hayaƙi da ta gefe ita ce damar da hayaƙi ke da ita ya rage ƙarfi kafin sabon fetur ya shigo.

Faɗaɗa ƙofar hayaƙi ta gefe da gefe na ƙara numfashi ba tare da sauya lokaci ba, shi ne aikin da ya fi aminci. Iyakarsa kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari na faɗin silinda, wato milimita 32 zuwa 35 ga silinda mai milimita 50. Idan aka zarce, zobe kan kumburo cikin ƙofar ya karye. Dole kuma gindin fiston ya iya rufe ƙofar gaba ɗaya idan ya hau sama, bakin zobe kuma kada ya ratsa ta kan wata ƙofa. Ɗaga rufin ƙofar hayaƙi kuwa na sa ta buɗe da wuri: inji zai ƙara juyi, amma zai rasa ƙarfin murɗawa, wanda shi ne ke jan sarƙa cikin gungume mai tauri. Milimita ɗaya tak a nan na sauya lokaci da kimanin digiri uku. Zurfafa ƙasan ƙofar shiga na tsawaita shaƙa, in ya yi yawa inji ya riƙa tofo fetur ta karburata. Ƙofofin gefe sun fi kowanne wuya, domin in aka ɓata karkatarsu ko aka sa ɗaya ta riga ɗaya buɗewa, fetur zai bi hayaƙi. A ƙarshe a dasashe kaifin bakin duk ƙofar da aka taɓa don zobe ya wuce lami lafiya. Ƙarfen da aka gurje ba ya komawa, don haka mai koyo ya fara da matacciyar silinda.

Karburata, zafi da mai

Injin da ya ƙara shaƙar iska yana bukatar ƙarin fetur, kuma a nan ne yawancin injunan da aka sassaƙa ke mutuwa. Karburata na da sukuru uku: L na ƙaramin juyi, H na babban juyi, da na tsayuwar inji, mai alamar LA ko T. Idan aka matse H, inji kan yi wani siririn kuka mai daɗin ji, ya yi gudu kamar ya tashi sama. Wannan kukan yunwa ne, fetur da man da ke sanyaya fiston sun yi kaɗan, kuma alminiyam na narkewa a digiri 660. Daidai shi ne idan aka matsa shi ba kaya ya riƙa ɗan gurnani yana kakkatsewa, da ya shiga itace kuma muryarsa ta washe. Mai na'urar ƙirga juyi ya tsaya kan adadin da kamfani ya rubuta. Sabbin injuna masu M-Tronic na Stihl ko AutoTune na Husqvarna da kansu suke daidaita fetur, ba su da sukurun H da za a murɗa.

Yanayinmu na da nasa tarko. Iska mai zafin digiri 42 na watan Afrilu ta fi ta safiyar hunturu mai digiri 15 sakayau da kusan kashi 9 cikin ɗari. Injin da aka daidaita a kan gaɓa da tsakar ranar bazara, idan Disamba ta zo zai shaƙi iska mai yawa da fetur ɗin da bai ƙaru ba, ya shiga yunwa. Sai a sake saurarensa duk lokacin da yanayi ya juya. A bazara kuma iskar da ke sanyaya silinda ita kanta da zafinta take zuwa, ga shi ƙarin matsi na ƙara zafi. Lambobin da suka yi wa makaniken Kanada aiki cikin sanyi suna iya yin yawa a Tawa.

Inji mai ƙarin matsi ba ya yafe mugun fetur. Stihl na neman fetur mai oktan 90 ko fiye. Na kwalba da ake saye wurin ƴan ruwa-ruwa ba a san daɗewarsa a rana ko abin da aka gauraya masa ba, kuma in ya yi rauni yakan fashe kafin lokaci ya huda kan fiston. Man gauraye na deux temps ne kaɗai ya dace, wanda aka rubuta JASO FD ko ISO-L-EGD a jikin robarsa. Da irin wannan mai, manyan kamfanoni na cewa kashi 2 cikin ɗari, wato mililita 100 a lita 5. Injunan Sin masu kubik 52 da 58 da suka cika kasuwa galibi kashi 4 aka rubuta musu, mililita 200 a lita 5. Man mota, balle baƙin man da aka juye daga wani inji, toka yake tarawa ya daskarar da zobe.

Lissafin riba

Hanyar gane ko aiki ya yi amfani mai sauƙi ce: gungume ɗaya, sarƙa ɗaya, a yanka sau uku kafin aiki da sau uku bayansa ana duba agogo. Wanda ya yi wannan gwaji zai ga wani abu kuma. Sarƙar da ta dakushe na cinye ƙarfin da ya fi wanda sassaƙa ke bayarwa, kuma itatuwanmu masu ɓawo cike da rairayi da wuri suke dakusar da ita. Magagari mai kauri daidai da sarƙa, milimita 5,2 ko 5,5 ga manyan sarƙoƙi, kusurwar digiri 30, da rage ƴan tudun da ke gaban haƙora su zauna milimita 0,65 ƙasa da kaifi, sun fi kowane gyara arha. Alamar sarƙa mai kaifi ita ce ta riƙa fitar da ɓarɓashi manya, in ta koma fitar da gari ta dakushe.

A ɗaya gefen, sassaƙa na soke garantin kamfani, tana ƙara shan fetur, tana ƙara wa rulma da fiston nauyi. Inda ake jiran kayan gyara na asali makonni, wannan abin dubawa ne, kada garin neman ƙiba a samo rama. Ƙarin ƙarfi na ƙara haɗari ma. Sarƙa na gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, kuma idan saman hancin zarto ya taɓa itace yakan yi tsalle ya dawo wa mai riƙe da shi. Birkin sarƙa don haka aka yi shi, tsofaffin samfura irin 070 kuwa galibi ba su da shi. Injin da birkinsa ya lalace bai cancanci a ƙara masa komai ba sai an gyara birkin.

Akwai kuma doka. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004 ita ke tsara saran itace a Nijar, kuma akwai itatuwan da aka kare, gawo na cikinsu. Manoman Maraɗi da Damagaram sun daɗe tun cikin shekarun 1980 suna rainon itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, injin zarto kuwa cikin mintoci yake kayar da abin da aka raina shekara ashirin. Kafin a sa shi a jikin itace mai rai, a nemi izinin jami'an gandun daji.

Ga mai injin da ƙarfinsa ya ragu, tsarin shi ne a auna matsi da yoyo, a gano abin da ya jawo lalacewar, a haɗa da kaya masu kyau, a wasa sarƙa, a yi aiki da shi tankuna goma. In har bayan haka ana ganin bai isa ba, a fara da salansa da daidaita karburata. Gurzar silinda ta zo a ƙarshe, a hannun makaniken da ke da faifan digiri da ma'auni, wanda kuma zai rubuta lambobin da ya tarar kafin ya taɓa komai.